Darasi na Bakwai: Koya wa 'Yan Makaranta Tattalin Ruwa

Yawancin waɗanda ke zaune a wannan aji iyaye ne. Cikinku akwai masu koyarwa a Islamiyya ko makarantar allo, akwai kuma 'yan kwamitin iyaye da malamai na firamaren unguwa. Saboda haka darasin nan naku ne kafin ya isa ga yara. Abin da za mu duba shi ne me ya kamata ɗan makaranta ya sani game da ƙarancin ruwa, kuma ta wace hanya za a koya masa har abin ya zauna.

Mu fara kawar da wani kuskure da ake yawan yi. Yaron ƙasar Hausa ba ya bukatar wani ya ba shi labarin wahalar ruwa. Yarinyar da ta bi layin tuƙa-tuƙa tun asuba, ta ɗauko jarka a ka kafin ta sa kayan makaranta, ta fi mai rubuta littafi sanin zancen. Litar ruwa ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, ke nan jarka mai cin lita 20 kilo 20 ce a wuyan 'yar shekara goma. Amma da yawa daga darussan tattalin ruwa da ke yawo a makarantu an tsara su ne don yaran wasu ƙasashe, masu wanka da shawa, masu barin famfo yana zuba suna goge haƙori. In ka karanta wa yaron da gidansu ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa irin wannan, zai haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Abin da yaranmu suka rasa abu biyu ne: dalili da awo. Ba su san abin da ya sa rijiyar da kakarsu ta sha tana budurwa ta ƙafe ba, ba su kuma taɓa auna ruwan da ke shiga gidansu da wanda ke salwanta ba. A kan waɗannan biyun za mu gina koyarwar.

Abin da babba zai fara sani

Akwai gwaji mai sauƙi da ake buɗe zancen da shi. Ka shigo aji da jarka mai cin lita 20 cike da ruwa, ka ce yara su ɗauka wannan shi ne dukkan ruwan duniya. Ka tsiyayi rabin lita, daidai ledar fiya wata guda. Wannan kaɗai ne ruwan daɗi. Abin da ya rage a jarka, sama da kashi 97 cikin ɗari, ruwan gishiri ne na teku, ba a shansa, ba a ban ruwa da shi. Cikin rabin litar nan ma, kashi biyu cikin uku ƙanƙara ce a daskare can ƙarshen duniya na kudu da na arewa da kan manyan duwatsu, kusan duk ragowar kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Wanda ke cikin koguna da tafkuna, in ka ɗiba, ba zai cika cokalin shayi ba. Ka bar yaran su kalli cokalin da kyau kafin ka ƙara magana.

Daga nan sai a dawo gida. Mu a nan ruwan sama wata huɗu zuwa biyar yake yi, sauran watannin duk ajiyar damina muke ci. A shekarar da ta zo daidai, Kano kan samu milimita 800 zuwa 900, Sakkwato wajen 650, Damagaram wajen 400, Agadas ba ta kai 200 ba, alhali Fatakwal tana haura 2,000. Rana da iskar hunturu kuma suna kwashe kaso mai yawa kafin mu taɓa. Wani zubin daminar ma ba ta cika. Dattawan da ke cikinku sun ga farin 1973 da na 1984. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara, duk girmansa, ya daina gudu a Yamai. Tafkin Chadi da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980. Yakan ƙaru in damina ta yi kyau a inda kogunan Shari da Logon ke fitowa, domin su ne ke kawo masa mafi yawan ruwansa, amma bai koma yadda yake a da ba.

Fari daga Allah ne, wannan babu musu. Sai dai in aka tsaya a nan an ba yaro rabin gaskiya. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya kusan miliyan 56 ne, yau sun haura miliyan 200. Nijar ta samu 'yanci a 1960 da mutum miliyan 3 da 'yan kai, yau ta wuce miliyan 25. Bakuna sun ninka, damina tana nan yadda take. Garuruwa kamar Kano da Zariya da Damagaram a kan dutse suke zaune, ruwan ƙarƙashinsu a tsagogin dutsen yake maƙale, ba shi da yawa. In kowane mai hali ya haƙa bohol a gidansa ya sa inji, rijiyar maƙwabcinsa mai guga ce za ta fara ƙafewa. Mun cike kududdufai mun yi gini a kai, mun shafe tsakar gida da siminti, mun sare itatuwa, ruwan sama ya rasa inda zai tsaya ya nutse. Shi ya sa gari ɗaya kan yi ambaliya a Agusta ya yi layin ruwa a Afrilu. Mutanen Maiduguri ba za su manta da fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ba, lokacin da ruwa ya mamaye gari amma na sha ya yi wuya.

Akwai misalai biyu da suka dace da 'yan aji biyar da shida. A wasu sassan Borno, rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa tun ƙarshen shekarun 1950 ruwansu da kansa yake tunkuɗowa sama, babu inji. An bar da yawansu suna kwarara dare da rana babu mai rufewa, har ƙarfin ruwan ya ragu. Na biyu madatsun Tiga, da aka kammala a 1974, da Challawa, a 1992. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kura da Kadawa. Amma a can ƙasa, fadamun Haɗeja da Nguru sun rasa kaso mai yawa na ambaliyar shekara-shekara da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Kada ka gaya wa yara wane ne mai laifi. Ka raba su gida biyu, waɗannan manoman Kura, waɗancan masuntan Nguru, ka ce su sasanta. Gardamar da za su yi ta fi bayaninka amfani, domin a nan ne za su gane cewa ruwan da ka tare a sama na wani ne a ƙasa.

A fara daga unguwa

Kusan kowane yaro ya ji labarin rijiyar Kusugu ta Daura, inda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Malamai kan ba da labarin don jaruntakar Bayajidda, su wuce abin da ke gaban idonsu: gari guda yana rayuwa da ɗiban ruwa sau ɗaya a mako. Ka tambayi yara, yaya matan Daura suka riƙa yi da ruwan Juma'a har ya kai su Alhamis? Me za su fara yi da shi, me za su bari? Amsoshin da za su ba ka daga gidajensu za su ɗauko su.

Sai ka tura su wajen kakanni da tambaya uku: a ina kuke ɗiban ruwa kuna yara, gaba nawa igiyar guga take a lokacin, yanzu kuma gaba nawa ce? In sun dawo, a zana taswirar unguwa a allo, a sa kowace rijiya da tuƙa-tuƙa da famfo da kududdufi, masu rai da matattu, a nuna inda shadda da juji suke. Sunayen wurare ma shaida ne. Ɗan Kano ya san Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Ƙofar Ruwa, kowane gari kuwa yana da unguwa mai sunan tafki ko rafin da yau babu shi. Yaron da ya gano cewa layin gidansu tsohon kududdufi ne ba zai sake mamakin abin da ya sa ruwa ke shiga ɗakinsu da damina ba.

Awo

A nan ne aikin yake, a nan kuma za mu daɗe. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wa'azin "kada ku yi ɓarnar ruwa" yaro ya sha shi har ya gaji. Wanda ya auna da hannunsa kuwa ba sai an yi masa wa'azi ba, ga shi kuma ya koyi lissafi a kan hanya.

Awon farko na gida ne. Kowane yaro ya ƙirga jarka ko bokiti nawa ke shiga gidansu kullum har mako guda, ya raba da yawan mutanen gidan. Misali gida mai mutum 8 da ke sayen jarka 6 a rana, lita 120 ke nan, kowa ya tashi da lita 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata don sha da girki da ɗan wanke hannu lita 20 ne a rana, sai an kai wajen lita 50 ne wanka da wanki za su wadata. A 2018, da madatsun birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu suka kusa ƙafewa, hukuma ta ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, duniya ta ɗauka da labarin. Abin da ya zama dokar ta-ɓaci a can, a gidajenmu da yawa wadata ce. Wannan lissafi zai hana malami yin wauta. Yaron da rabonsa lita 15 ba a ce masa ya rage. Abin da za a koya masa shi ne yadda lita 15 ɗin za ta yi aiki biyu, yadda ba za ta gurɓata ba, da kuma sanin cewa haƙƙinsa ya fi haka.

Awo na biyu na yoyo ne. Ku nemi famfo ko tankin da ke ɗiga, a makaranta ko masallaci ko bakin titi, ba za ku sha wahalar nema ba. Ku tara kofi mai cin rubu'in lita, ku duba agogo. A ce ya cika cikin minti 10. A awa ɗaya lita ɗaya da rabi ke nan, a kwana lita 36, a wata lita 1,080, wato jarka 54. Yanzu yara su ninka da kuɗin jarka a unguwarsu, su je su tambayi mai gyaran famfo kuɗin robar da za ta tsayar da ɗigar, su kwatanta. Da wuya a gama wannan lissafi ba a ji wani yaro ya ce famfon gidansu ma yana yi ba.

Na uku na alwala ne, kuma malaman Islamiyya da na allo su ne gwanayensa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa ruwan alwalar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mudu guda ne, na wankansa kuma bai wuce mudu biyar ba. Mudun Annabi ake nufi, wanda ake awon zakkar fidda kai da shi, bai kai lita ɗaya ba. Ka sa yaro ɗaya ya yi alwala a bakin famfo a buɗe an tara baho, wani ya yi da buta, na uku ya yi da mudun. A auna abin da kowa ya zubar. Duk alwalar uku ta inganta, amma za a ga tazarar da ke tsakani. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanya ƙaranta ruwa cikin abubuwan da ake so a alwala, yara suna haddace wannan a littafi, sai dai ba kasafai ake nuna musu shi a baho ba.

Na huɗu sai damina ta faɗi. A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a kafa shi a fili nesa da bango da inuwar itace. Duk safiyar da aka yi ruwa, wanda ke da juyi ya tsoma rula ya rubuta milimita nawa ya taru, ya zubar. Dokar da za su riƙe ɗaya ce: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. To su auna rufin ajujuwansu. A ce tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 8, murabba'in mita 160 ke nan. In an samu milimita 800 a shekara, lita 128,000 ta sauka a kan kwanon nan. A cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da na wanke ƙura, saura lita dubu ɗari da 'yan kai, jarka 5,000. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa makarantar jeka-ka-dawo lita 5 ne ga kowane yaro a rana. Makaranta mai yara 200 tana bukatar lita 1,000 kullum, ke nan rufin nan guda ya isa ya shayar da ita kwana ɗari. Duk wannan ruwa yanzu a gindin bango yake zuba yana cin ginin.

Kada mu yaudari yara, tara ruwan sama ba kyauta ba ne. Indararo da bututu ba su da tsada sosai, ma'ajiyar ce mai cin kuɗi, kuma babu makarantar da za ta ajiye jarka 5,000. Amma duro biyu ko tanki ɗaya sun isa a fara. A bar ruwan farko ya wanke kwano ya wuce, a rufe bakin tanki saboda sauro, a tafasa ko a sa maganin tsarkake ruwa kafin a sha. Labarin Annabi Yusufu, da ya tara abinci a shekaru bakwai na yalwa don shekaru bakwai na fari, yaron Islamiyya ya san shi, na makarantar Lahadi ma ya san shi. A nan ne wurin kawo shi.

Ƙasa ita ce babbar randa

Duk tankin da za mu gina bai kai ƙasar da muke takawa riƙe ruwa ba. A cika faranti biyu masu zurfi da ƙasa, a lulluɓe ɗaya da busasshiyar ciyawa ko ganye, a bar ɗaya tsirara. A karkata su kaɗan, a zuba wa kowanne kofi guda ta gwangwanin da aka huhhuda. Daga na tsirara ruwa zai gangaro da gudu jajir da laka, daga lulluɓaɓɓen kuwa kaɗan ne zai fito, kuma garau-garau. A ajiye su a rana, gobe yara su tsoma yatsa su ji wanne ke da sauran laima.

Wannan ba wasan aji ba ne kawai, manoma sun farfaɗo da ƙasa da shi. Marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya yi suna a duniya da gyara wata tsohuwar dabara: haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, a zuba taki, in ruwa ya sauka ya taru a ramin, a shuka a ciki. Manoman jihar Tawa a Nijar suna kiran ramukan tassa, suna kuma yin kunyar rabin wata mai tare ruwa a gangare. A Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar da hekta miliyan 5. Kowace makaranta tana da wani fako a bayan aji. Yara su haƙa tassa goma a wurin, su shuka, su shuka wani layin a gefe babu rami, kaka ta yi hukunci.

Da rani kuma a yi ɗan lambu da ruwan da ya riga ya yi aiki. A tona 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin zogale ko gwanda. A binne tulu har wuya a tsakiyar kwamin alayyafo, a cika shi a rufe baki, zai riƙa tsattsafo da ruwa daidai saiwa, rana ba ta samun rabo. Ban ruwa da yamma ko da sassafe. A bar kowane aji da bishiyarsa da sunansa a jiki, za ka ga yadda gasa ke raya itace.

Tattali ba rowa ba ne

Wannan gargaɗi ne ga malami mai zafin nama. Akwai wuri biyu da ba a tsuke ruwa: sha da wanke hannu. Yaron da ya wuni da ƙishi a zafin Afrilu ba ya fahimtar karatu, wanda ya fito daga shadda bai wanke hannu da sabulu ba kuma yana iya kai wa aji guda amai da gudawa. Ruwan da ya gurɓata ma asararre ne, ko da randa na cike. Saboda haka rufe randa, da ware moɗa mai mariƙi don ɗiba kaɗai, da hana tsoma hannu ko kofin da aka sha da shi, da nisanta shadda daga rijiya aƙalla mita 30, duk cikin tattalin ruwa suke. Haka daina jefa ledar fiya wata a kwata.

Inda babu famfo, yara da kansu za su iya haɗa famfon wanke hannu na galan. A samu galan mai cin lita 5, a huda ƙaramin rami kusa da wuyansa da ƙusa mai zafi, a rataye shi a sanda tsakanin gwafa biyu. A ɗaura igiya daga bakinsa zuwa wani icce a ƙasa. In an taka iccen, galan ya sunkuya, ruwa ya zubo siriri. A rataya sabulu a gefe, a zuba tsakuwa a ƙasa ko a shuka wani abu a wurin. Hannu ba ya taɓa galan, kuma cikinsa guda kan wanke hannun yara da yawa.

In wani ya ce ƙananan abubuwa irin waɗannan ba sa canza komai, ka tuna masa da kurkunu. Binciken da aka yi a 1988 ya samu sama da mutum 650,000 ɗauke da ita a Nijeriya. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, da yawon wayar da kai ƙauye-ƙauye irin wanda Janar Yakubu Gowon ya yi, aka ga bayanta. An samu mai cutar na ƙarshe a 2008, a 2013 aka tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da ita. Yaran yau ko sunanta ba su sani ba, sai ku da kuka ga mutum yana naɗe tsutsa a tsinke ku ba su labari.

Wa ke ɗaukar jarkar?

Cikin ƙidayar ruwan gida ta mako guda da muka ambata, a ƙara layi ɗaya: wa ya ɗebo, kuma minti nawa ya yi? A gidaje da yawa amsar 'yan mata ce, sai almajirai. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne zuwa da dawowa, har da bin layi, kada su wuce minti 30. Yarinyar da ta yi awa biyu a layi ta iso makaranta a makare, mai bulala ya tare ta a ƙofa, an hukunta ta ke nan a kan laifin da ba nata ba. A raba ɗiban ruwan gida tsakanin maza da mata, na makaranta kuma a yi juyi. Sannan a daina mai da ɗiban ruwa horo, a daina aiken 'yan makaranta su cika randar gidan malami a lokacin karatu. Wanda aka saba yi wa horo da ruwa ba zai ƙaunaci darasinsa ba.

Abu na ƙarshe, kada a ɗora wa yara nauyin da ba nasu ba. A duniya, wajen kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba noma ne ke shanye shi. Bututun hukuma da ya fashe yana kwarara a titi mako guda ya fi ɓarnar dukan yaran unguwa. Tuƙa-tuƙan makaranta da ya lalace aka bar shi shekara saboda wata 'yar roba, laifin manya ne da ba su kafa asusun gyara ba. A 2010 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwa mai tsabta haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. 'Yan aji shida su rubuta wa kansila ko shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa cikin ladabi, su sa alƙaluman da suka auna da kansu, kwamitin iyaye ya kai. Ranar Ruwa ta Duniya, 22 ga Maris, tana faɗowa daidai lokacin da rijiyoyinmu ke ja da baya. Maimakon jawabi da rawa, a gayyaci iyaye da mai unguwa ranar, yara su nuna musu taswira da lissafin yoyo da na rufi.

Aikin gida

Ku tattauna a junanku: a unguwarku, cikin fari da yawan jama'a da bohol da cike kududdufai, wanne ya fi kawo ƙarancin ruwa? Wane awo cikin huɗun nan za ku iya yi da yara a makon nan ba tare da kashe ko sisi ba? In tuƙa-tuƙan makarantar 'ya'yanku ya lalace yau, wa ke da alhakin gyara, kuma ina kuɗin za su fito?

Sannan kowa ya zaɓi yaro ɗaya a gidansa, mace ko namiji, su ƙirga ruwan gidan tare har kwana bakwai: jarka nawa, wa ya ɗebo, nawa aka biya, me aka yi da shi. Ku zo da takardar a darasi na gaba. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutun lambobi ba tukuna, ya sa yaron ya rubuta, shi kuma ya duba lissafin da ka.